Mai Buɗe Kabarin Gidan Tamanaha

Seikichi Tamanaha magini ne. Katangar dutse ɗaya ce tsakanin gidansu da namu, a ƙauyenmu na kudancin tsibirin Okinawa a ƙasar Japan, inda rake ya cinye kowane fili har bakin teku. Na girme shi da shekara uku, shi ya sa yake ce mini Yaya Zenko, ko bayan da furfura ta gama da mu duka. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da gashi baƙi ƙirin a damtse. In bai sha ba, sai ka yini da shi ba ka ji kalma goma ba.

Da zuba rufin kankare yake ci, kuma rabin rufin ƙauyen nan hannunsa ne. Amma in ka ambaci sunansa, kabari mutane ke fara tunawa. Shi ne mai buɗe kabarin zuri'ar Tamanaha, shekara arba'in da biyar.

Kabarin yana jikin tudu, an fafe shi cikin dutse, da fili a gabansa da zai ɗauki mutum sittin a zaune. Ƙofar ba ta kai ƙugun mutum ba. Da dutse guda ake toshe ta, a bi gefensa da farar ƙasa. Daga ciki matakala ce hawa huɗu, tuluna jere a kai, kowane tulu da ƙasusuwan mutum ɗaya, mace a gefen mijinta. Duk namijin da ya fito daga tsatson kakan farko nan zai kwanta, shi da matarsa. Wanda ba tsatson ba, ko shi ya fafe dutsen, ba ya shiga.

In aka yi mutuwa, Seikichi ne ke zuwa da sassafe da gudumarsa. Zai ƙwanƙwasa dutsen sau uku don na ciki su sani, ya kankare farar ƙasar, ya janye dutsen, ya rarrafa ciki ya gyara wa sabon zuwa wuri. Da baya yake fitowa, ba ya juya wa tuluna ƙeya. Ya san kowa a cikin duhun nan da lalube. Yakan ce na hawa na uku sun fi kowa tara ƙura.

Bai san ubansa ba. An ɗebi uban tare da mazan ƙauye a yaƙin da aka yi a kan tsibirin nan lokacin yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba. Uwarsa, Goggo Kamado, ita ta dawo da shi ƙauye a goye bayan an daina harbi, ta rene shi da tallan kifi. Takardun haihuwa duk sun ƙone, sai aka sake rubuta su daga bakin waɗanda suka rage. Kowa ya je ofis ya faɗi su wane ne nasa, a rubuta. Goggo Kamado ta je ta faɗi nata. Ban taɓa ganin ta ɗaga masa hannu ba. In yana cin abinci takan ajiye nata ta zuba masa ido, har ya tsargu ya ce, "Inna, wani abu ne a fuskata?" Sai ta ce ya ci abincinsa. Abu ɗaya ta hana shi, shi ne zuwa kogon da ke bakin teku.

Yana da shekara talatin da 'yan kai aka yi maganar Baffa Jira. A lokacin cuta ta yi yawa a gidajen Tamanaha. Mata suka je wajen mai duba, ta ce akwai baƙon jini a kabarinku, magabata ba sa samun barci. Da aka bincika sai aka tarar Baffa Jira, wanda ya mutu tun kafin yaƙi, daga dangin mata aka ɗauko shi don ya riƙe wani gida da ba ɗa namiji. Aka yanke a mayar da shi kabarin ubansa na jini. 'Yarsa, tsohuwa tukuf, ta zauna a filin kabarin tana kuka, tana cewa ubanta ya bauta wa gidan nan har ya mutu. Seikichi ya fito da tulun rungume a ƙirji, ya tsaya gabanta.

"Ki yi haƙuri, Goggo," ya ce. "Ba jinin gidan nan ba ne. Kin sani, na sani."

Ranar nan uwarsa ba ta ci abinci ba. Ta tsallako gidanmu, suka zauna da mahaifiyata a bayan madafa suna tsintar wake har rana ta yi sanyi.

Matarsa Tsuru ita ce bakinsa. In ta yi dariya a gidansu, awakina kan ɗaga kai. 'Ya ɗaya suka samu, Hatsue, ta yi aure a birnin Naha. Tsuru ta rasu shekara huɗu kafin abin da zan faɗa. Shi ya shigar da ita da kansa, a hawa na farko, daidai ƙasan tulun uwarsa, ya bar wuri a gefenta. Ya ce mini ya auna wurin, taƙi biyu ne.

"Ya ishe ni," in ji shi. "Ni ba ƙato ba ne."

Tun daga nan, ina jin, ba abin da yake jira a duniya sai wurin nan.

Wata shekara, cikin Nuwamba, malaman wata jami'a suka zo zauren taron ƙauye. Suna neman mazan da aka haifi kakanninsu a nan. Shugabarsu mace ce mai tabarau, ba za ta wuce sa'ar Hatsue ba. Ta ce akwai wata ƙwayar gado a jikin namiji, Y suke ce mata, wadda yake samu daga ubansa kaɗai, uban daga nasa uban, haka har can baya, kuma da ƙyar take canzawa. Da ita suke bin sawu su ga daga ina mutanen Japan suka fito. Ta ce manyan hanyoyi biyu ne. Ɗaya ta mutanen da suka riga kowa zama a tsibiran nan suna farauta da kamun kifi, wannan suka sa mata harafin D, kuma ta fi yawa a nan kudu da can ƙarshen arewa. Ɗayar ta waɗanda suka ƙetaro teku daga baya da noman shinkafa, ita ce O.

Buntoku, shugaban zuri'ar Tamanaha, wanda ubansa da uban Seikichi ciki ɗaya suka fito, ya ɗaga hannu.

"Malama, wannan ai mun riga ku sani. Mu tsatso muke ce masa. Da kun tambayi kakata, da ba ku sha wahalar karatu ba."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ta ce su dai jimillar ƙauye suke so, amma wanda ke son a aiko masa da tasa takardar, ya sa alama a wani ɗan akwati a ƙasan fom. Ba wanda bai sa ba. Aka goga mana tsinken auduga a cikin kumatu, aka ba kowa tawul.

Takardun suka iso ana saura kwana uku Shimi, ranar da kowace zuri'a ke zuwa filin kabarinta ta ci abinci tare da matattunta. Ni ba Tamanaha ba ne, matata ce daga cikinsu, kuma tun rasuwar Tsuru ni nake taya Seikichi ɗaukar tabarmi. Aka shimfiɗa, aka jera akwatunan abinci, naman alade da soyayyiyar awara da ƙullin ciyawar teku da dunƙulen shinkafa. Aka kunna turare, aka zuba wa na ciki giya. Da giyar ta fara zagayawa a waje, wani ya zaro takardarsa daga aljihu. Ashe kowa ya zo da tasa. Sun ɗauke ta kamar 'yar takardar sa'a da ake zara ranar sabuwar shekara.

"O," in ji na farko.

"Ni ma O."

"Kai, Buntoku, ashe mu duka manoman shinkafa ne! Ga shi ko kunya ɗaya ta shinkafa babu a ƙauyen."

"Shi ya sa raken naka ba ya tsawo. Ba sana'ar gidanku ba ce."

Mutum goma suka karanta, duk abu ɗaya. Seikichi bai zo da tabarau ba, sai ya miƙa wa Noboru, ɗan Buntoku, mai kantin magani.

"Karanta mini, likitan ƙarya."

Noboru ya duba. Ya ce, "D."

Seikichi ya riga ya sha kofi uku. Ya bugi cinya.

"Kun ji ko? Ni ne mai ƙasa! Ku baƙi ne, jiya-jiya kuka sauka daga jirgi da buhun iri a ka. Yaya Buntoku, taso ka zuba wa mai gida giya."

"Shi ya sa gashi kamar na bunsuru!" wani ya ce daga baya. "Tsuru ta sha faɗa, muka ƙi ji."

Dariya ta tashi har yara suka juyo. Noboru bai yi ba. Ya ninke takardar sau biyu, ya ajiye ta a ƙarƙashin faranti. Dariyar ta ɗan jima tana yawo, sannan ta fara mutuwa daga gefen da mata suke, don su suka fara ganewa. Wata daga cikinsu, wadda ba ta iya riƙe bakinta, ta ce, "To ba malamar cewa ta yi daga uba ake gada ba?"

Turaren ya ci gaba da ci a bakin ƙofar kabarin.

"An haɗa da ta wani," in ji Seikichi.

"Haka ne, Baffa," Noboru ya ce da sauri. "Ana samun haka."

Aka watse da wuri. Seikichi ya naɗe tabarmi ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, ya share filin, ya kwashe tokar turare.

Bayan mako biyu ya sa Noboru ya kai shi birni aka sake gogawa. Abin da ya fito da farko shi ya sake fitowa. Suka kira malamar a waya. Noboru ne ya ba ni labari. Ta ce irin wannan akwai shi a gidaje da yawa ko'ina a ƙasar, don mutanen zamanin da sun sha ɗaukar ɗan wani ya zama nasu, kuma takarda ba ta san wanda ya goya mutum ba. Ta yi ta ba da haƙuri. Seikichi ya ce mata ba laifinta ba ne, abin da ta gani ta faɗa.

A lokacin jikan Buntoku yana kwance a asibiti, ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kakar yaron ta je wajen mai duba. Mai dubar ba ta sha wahalar dubawa ba, tun da har direban bas ya san labarin takardar Seikichi.

Muna zaune a barandar Seikichi da hantsi sai ga Buntoku da sandarsa. Ya zauna, ya sha shayi, ya yi maganar guguwar bana, ya yi maganar ƙafarsa. Can ya ce, "Seikichi, ni da ta ni ce, mu yaga takardar nan. Mata su yi surutunsu, za su gaji. Tare muka tashi. Wa zai buɗe mini ƙofa in ba kai ba?"

"Baffa Jira fa?"

"Haba, wannan ai zamanin da ne."

"Ni na ɗauko shi, Yaya. Da hannuwan nan. 'Yarsa na kuka."

Buntoku ya juya kofin a hannunsa. Ya dube ni kamar yana so in tashi, ban tashi ba.

"To akwai wata maganar," ya ce. "Ba ni na fara ta ba. Mata ne. Suna cewa shekarar da aka haife ka, babanka yana aikin tashar jirgin ruwa a Naha, ba ya zuwa gida sai jefi-jefi. Suna cewa Goggo Kamado tana yawon tallan kifi gari-gari. Mai duba ta ce in haka ne, to ita ma tulunta..."

Seikichi ya miƙe tsaye. Na ɗauka zai yi abin da ba a yi wa babba. Sai ya ɗauko sandar Buntoku ya miƙa masa.

"Rana ta yi zafi, Yaya. Ka bi ta inuwa."

Washegari ina zuba wa awaki ganye Seikichi ya tsallako katanga, abin da rabonsa da yi tun muna samari. Ya tsaya ya jingina da garken.

"Yaya Zenko, uwarka da uwata wuri ɗaya suka ɓuya lokacin yaƙi."

Na ce haka ne.

"Ba ta taɓa gaya maka komai ba?"

Na ci gaba da zuba ganye. Mahaifiyata ta gaya mini a shekarar da za ta rasu, ta ce in riƙe muddin ɗan Kamado na da rai. Na riƙe shekara ashirin da biyu. Ina wurin ranar da aka goga masa audugar, ina wurin ranar Shimi. Da a kansa kaɗai maganar ta tsaya, da na mutu da ita. Amma ga shi an kai hannu kan tulun Goggo Kamado, ita kuma ba ta da bakin kare kanta.

Na ce ya zauna. Ya zauna a kan buhun dusa.

Mutum kusan talatin ne a kogon bakin teku, yawanci mata da tsofaffi, sai wasu sojojin ɓangarenmu da suka shigo daga baya. Abokan gaba suna sama a kan tudu, ana jin takunsu. Ɗan Goggo Kamado watansa takwas. Nono ya ƙafe, yunwa ta sa shi kuka. Aka ce a sa shi ya yi shiru. Aka sake faɗa, wannan karon da bindiga a hannu. Ya yi shirun, na har abada. Mahaifiyata ba ta faɗi hannun wa ba ne, ni ma ban tambaya ba. Suka sa shi a wani tsagi can ƙuryar kogon, suka jera duwatsu a bakinsa.

Bayan kwana uku abokan gaba suka fito da su. A kan hanya akwai waɗanda ba su kai ba, kwance a gefen rake. Cikinsu akwai wata mata rub da ciki, ba 'yar ƙauyenmu ba, ba wanda ya san ta. Goyon da ke bayanta yana motsi. Goggo Kamado ta fita daga layi, ta kwance shi, ta ɗaure shi a nata bayan, ta dawo layi. A sansanin da aka tara su wani mai rubutu ya tambayi sunan yaron. Ta ce Seikichi.

Na gama. Awaki suna ta tauna.

Sannan ya ce, "Matar, wane irin tufa ne a jikinta?"

Na ce ba a gaya mini ba.

"Ko alama? Ko daga wane ɓangare take tahowa?"

Na ce ba a gaya mini ba.

Ya gyaɗa kai. Na zaci maganar kansa zai yi, sai ya ce, "Ke nan shekara saba'in yana can. Ba turare, ba ruwa. Ni kuma ina cin rabonsa kowace Shimi."

Ya tashi ya kakkaɓe dusa daga wandonsa.

"Ka zo ka faɗa wa Yaya Buntoku yadda ka faɗa mini. A gaban matan."

Na je na faɗa. Wadda ba ta iya riƙe bakinta ta riƙe shi ranar. Ba a sake ambaton tallan kifi ba. Da yawa daga matasan gidan suka ce wannan ai ya fi ƙarfin al'ada, Baffa Seikichi nasu ne, wurinsa na nan. Noboru ma ya faɗa da ƙarfi, a gaban uwarsa. Tsofaffin mata dai ba su yarda ba. Seikichi bai jira a daidaita ba. Ya ce ranar bakwai ga watan bakwai na tsohuwar kalanda, ranar da ake iya buɗe kabari ba tare da an yi mutuwa ba, zai fito da Tsuru.

Hatsue ta zo daga Naha a fusace, ko takalmi ba ta jera ba a bakin ƙofa. Ta katanga nake jin su.

"Baba, wane zamani muke ciki? Su da kansu sun ce ka zauna!"

"Rabinsu."

"To rabin bai isa ba? Inna ba ta yi wa kowa komai ba. Shekara huɗu tana kwance lafiya, za ka tashe ta saboda harafi ɗaya."

"Uwarki matata ce. Inda zan kwanta nan za ta kwanta."

"To ina za ka kwanta?"



Ana gobe ranar, da safe lokacin da ruwa ya janye, muka gangara kogon mu uku. Karon farko ke nan da Seikichi ya taka wurin. Hatsue ta riƙe tocila, ni na tsaya kusa da baki, don gwiwata ba ta son santsi. Ya sami tsagin, duwatsun sun zube. Ba komai a ciki. Masu tattara ƙasusuwan yaƙi sun share kogon tun shekaru da yawa, sun kai abin da suka samu babban kabarin gama-gari. A wajenmu in ba a sami ƙashi ba, dutsen wurin ake ɗauka a kira mamacin ya biyo shi. Seikichi ya durƙusa, ya kunna turare, ya zuba ruwa a ƙasa. Ya tsinci tsakuwa uku ya sa a farin ƙyalle.

"Seikichi," ya ce. "Seikichi. Seikichi. Taso mu je gida, uwarka na jira."



Washegari da sassafe mutum bai fi goma sha biyar ba a filin kabarin. Ya ƙwanƙwasa sau uku, ya kankare, ya janye dutsen. Ya shiga da farin ƙyallen a ƙirjin rigarsa. Ya daɗe. Can ya miƙo hannu ya ce a ba shi tawada da alƙalami. A ƙarƙashin murfin kowane tulu ake rubuta sunan mai shi. Ya gaya mini daga baya cewa ya zuba tsakuwar a tulun Goggo Kamado, ya ƙara a ƙasan sunanta: da ɗanta Seikichi, ɗan wata takwas.

Ya fito da baya, tulun Tsuru a ƙirjinsa. Hatsue ta buɗe baƙar laima a kansu, don rana ba ta taɓa ƙashi. Ya ba ni tulun in riƙe. Bai kai nauyin da na zata ba.

Ya juya ga Noboru ya miƙa masa gudumar da kwanon farar ƙasa.

"Zo ka liƙe, ina kallo."

Noboru ya durƙusa, ya ɗauki cokalin gini.

"Da babban yatsa, ba da cokali ba. Kai, wannan hannun ba abin da ya iya sai ƙirga ƙwaya. Danna. Ta ƙasa ruwa ke shiga. In ka bar rami, kunama da ɓera za su kwana da kakanka."

Sai da ya sa shi ya kankare gefe ɗaya ya sake. Buntoku ya matso yana share ido da tawul, ya ce ko a gefen filin ne, a wajen katanga, a gina musu ɗan ƙarami, ba wanda zai ce komai.

"Filin na Tamanaha ne, Yaya," in ji Seikichi.

Hukumar birni tana da ɗakin ajiye ƙasusuwan waɗanda ba su da kabari. Bene ne mai sanyin na'ura, da akwatunan ƙarfe jere har sama, kowanne da lamba. Nan aka kai Tsuru. Ba a kunna turare a ciki saboda gobara, sai a wani kasko na kowa da kowa a bakin ƙofa. Ran ɗaya da ran sha biyar ga kowane wata yakan hau bas ya je, ya kunna a kaskon, ya shiga ya tsaya gaban lambarta. Ya ce mini abin da ya fi damunsa, ba abin sharewa. Ma'aikata sun riga sun goge ko'ina.

Ya ɗan nemi dangin matar da aka kwance shi daga bayanta. Ya sake kiran malamar ya tambaya ko harafin nan zai nuna masa ƙauyensu. Ta ce kusan rabin mazan tsibirin nan harafinsu ke nan. Sau biyu ya je inda aka sassaƙa sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin, ya yini yana bin duwatsun, ya dawo da yamma. Ban tambaye shi me yake dubawa ba.

Shimi ta zagayo, aka aiko masa, ya ce ƙafarsa na ciwo. Da aka yi mutuwa a gidan Tamanaha, Noboru ya buɗe. Seikichi ya tsaya a bakin hanya daga nesa har aka liƙe, sannan ya tafi gida.

Shekara biyu ya ƙara. Cikin sanyi, lokacin saran rake, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kwana tara ya yi a asibiti ya rasu. Bayan an ƙona gawar muka kai tulun ɗakin ajiya, ni da Hatsue da mijinta, da Noboru da ya tuƙa mu. Ma'aikacin ya kawo ɗan tebur. Hatsue ta kifa murfin, ta tsoma alƙalami a tawada, ta tsaya.

"Baffa Zenko, me zan rubuta? Ya ce kada in sa sunan. Wai mai shi yana amfani da abinsa."

Na ce ban sani ba.

Tawadar ta ɗiga sau ɗaya a kan tebur. Ta sunkuya ta rubuta: mijin Tsuru. Ta busa har ya bushe, ta rufe.

Akwatin na mutum biyu ne a takarda, amma tulun Tsuru irin na da ne, mai faɗin ciki. Sai da aka ɗan juya shi kafin na biyun ya shiga, aka kuma danna ƙofar da kafaɗa. Ma'aikacin ya murɗa makulli, ya miƙa wa Hatsue, ya sunkuya mana, ya ce ƙarfe biyar suke rufewa.